Yadda Ake Gyara Muryar Amfilifayar Jita Mai Bawul

Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun ya san kiɗan mutanen Kudu ba ya tafiya sai da jita, ko juju ne ko hailaif. Ita kuwa jitar lantarki ba ta da wata murya ta a zo a gani sai an jona ta da akwatin ƙara sauti, watau amfilifaya. Tun da daɗewa taransisto ya kori bawul, kwalbar nan mai kama da ƙwan lantarki, daga akwatin rediyo, amma makaɗan jita da yawa sun ƙi rabuwa da shi, domin sun ce muryarsa ta fi taushi. Sabuwar amfilifaya mai bawul tana da tsada ƙwarai, shi ya sa masu gyaran rediyo, har da 'yan'uwanmu da ke wannan sana'a a Kudu, za su iya samun abin kai wa bakin salati wajen haɗa ta da hannu.

Yawancin masu koyo da ƙaramar nan Champ ta kamfanin Fender na Amurka suke farawa, samfurin ƙarshen shekarun 1950. Bawul uku ke gare ta, 12AX7 da 6V6 da 5Y3, ƙarfinta wat 5, maɓallin murɗawa kuwa ɗaya tak, na ƙara murya. Haɗa ta ba wuya. Wuyar tana zuwa ran da aka kunna, makaɗi ya taɓa tsirkiya ya yamutsa fuska, ya ce muryar ta yi kauri kamar ana magana cikin tulu, ko kuwa ta yi tsini tana sukar kunne. A nan ne wanda bai sani ba yakan ruga kasuwar Alaba neman sabon bawul ko taransifoma, alhali maganin ƙaramin kafasita ne wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ga misali. A shekarar 1962 wani mai kantin kayan kiɗa a Landan, Jim Marshall, shi da ma'aikatansa suka kwaikwayi amfilifayar Fender mai suna Bassman, kusan waya da waya, suka fitar da JTM45. Amma muryoyin biyu suka sha bamban. Dalili kuwa, sun sa 12AX7 a matakin farko maimakon 12AY7, wanda bai kai shi ƙarfin ɗaga sauti ba, sa'an nan suka sa lasifikar Celestion mai inci 12 cikin rufaffen akwati, ita kuwa Bassman lasifika huɗu ne masu inci 10 cikin akwati mai buɗaɗɗen baya. 'Yan canje-canje irin waɗannan su suka haifi muryar da aka san Marshall da ita.

To, ina za a taɓa? Kafasita yana barin siririn sauti ya wuce cikin sauƙi, ya riƙa tare mai kauri, kuma iyakar ƙanƙantarsa iyakar tarewarsa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin. In murya ta yi kauri har tana dagulewa, a fara duba kafasitan da ke gindin bawul na farko, wurin da ake kira katod. Fender sukan sa mai maikurofarad 25, wanda ke ɗaga kowane irin sauti. Marshall kuwa daga baya suka koma 0.68, wanda ke ɗaga na tsakiya da na sama kawai. In bai isa ba, sai a rage kafasitan da ke tsakanin bawul da bawul, daga 0.022 zuwa 0.01 ko ƙasa da haka. Kada dai a zarce, gama tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa wajen sau 82 ne a daƙiƙa, in aka yanke ta sai jita ta koma kamar kukuma.

In kuwa muryar ta dushe ne, ana liƙa ɗan kafasita mai fikofarad 120 a kan maɓallin ƙara murya. Sai dai a gaya wa makaɗi tun da wuri cewa amfaninsa yana raguwa in aka ƙara murya, ya ɓace gaba ɗaya in aka murɗa har ƙarshe, don kada ya dawo yana cewa an cuce shi.

Masu maɓalli uku, na kauri da tsakiya da siriri, su ma suna da halinsu. Ba sa ƙara kome, ragewa kurum suke yi, kuma in ka taɓa ɗaya sauran sun motsa, kamar tsarkiyar kalangu. A ganina yawancin ƙorafin makaɗa na cewa ba a jinsu cikin ganguna, daga rage na tsakiya yake, ba daga rashin ƙarfin akwati ba. Abu guda ake canzawa, a saurara da jita guda a ɗaki guda, a rubuta a takarda, kana a wuce gaba. Kafin ma a ɗauki dalma, a gwada wata lasifikar, domin sau da yawa laifin nata ne. A lura om ɗinta ya dace da na taransifoma, 4 ko 8 ko 16, kuma kada a kuskura a kunna akwatin ba lasifika, taransifoman zai iya ƙonewa.

Jama'a, wannan aiki da rai ake yinsa. Cikin akwatin nan akwai wuta bolt 300 zuwa 500, kuma manyan kafasita suna riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. A sauke ta ta cikin rezista, a auna da mita a ga ta sauka, kafin a sa hannu. In dole ne a auna akwati yana kunne, hannu ɗaya ya zauna a aljihu. A kuma haɗa jikin ƙarfen da wayar ƙasa ta fulogi mai baki uku, domin tsirkiyar da makaɗi ke riƙewa da wannan ƙarfen take haɗe. Wanda ya samo zanen Amurka kuma ya tuna wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, sai ya nemi taransifoma irin namu.