Daga tsargiyar bakin Kainji zuwa ɗakin binciken NMR: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya tashi a Yauri, Ngaski ko Shanga ya san tsargiya. Tun da aka datse Kogin Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya kwanta, kuma irin wannan ruwan ne dodon-koɗi mai rainon tsutsar cutar ya fi so. Yaro zai sha ƙwayar praziquantel fitsarinsa ya washe, ya koma wanka ko jan koma, ya sake kamuwa. Har yau babu allurar rigakafinta a asibiti.

Masu neman rigakafin suna farawa ne daga furotin ɗin jikin tsutsar. Kowane furotin yana da irin naɗinsa, magani kuwa ba ya kama shi sai ya dace da naɗin, tamkar mabuɗi da kwaɗo. Ɗaya daga cikin hanyoyin gano wannan siffa ita ce NMR, 'yar'uwar na'urar MRI ta asibiti.

Ga yadda ake yi. Ana sa ƙwayoyin bakteriya su haɗa furotin ɗin da ake so, a tace shi, a zuba ruwansa da bai kai cikin ƙaramin cokali ba a wani siririn bututun gilashi. Sai a zura bututun cikin ƙaton maganaɗisu wanda ruwan hiliyam ke sanyaya wayoyinsa zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri. Ana aika wa furotin ɗin igiyar rediyo, ƙwayoyin zarra su amsa, kwamfuta ta lissafa wacce ke kusa da wacce. Alfanun hanyar shi ne furotin yana cikin ruwa, yana motsi yadda yake yi a jiki. Ta fi dacewa da ƙananan furotin. Kurt Wüthrich na Suwizalan ne ya share wannan fage, ya samu kyautar Nobel a 2002. Cikin irin waɗannan ƙananan furotin akwai na tsutsar tsargiya mai suna Sm14, wanda masanan Burazil suka yi shekaru a kansa, har an gwada shi a matsayin rigakafi a Senegal.

Na'urar tana da tsada ƙwarai, ga hiliyam da ba a bari ya yanke, shi ya sa galibin guraben aikin suke Turai, Amurka da Asiya. Irin wannan gurbi na wanda ya kammala digirin digirgir ne a fannin sinadaran halitta, kimiyyar sinadarai ko fizis, kuma aiki ne da ake biya, ba komawa aji ba. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster domin masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya yi fice a binciken cutar sammore, ya samu lambar yabo daga wannan gidauniya. Tarayyar Turai ma tana da tallafin Marie Curie.

A ganina, ɗalibinmu da ke Aliero, Birnin Kebbi ko Sakkwato bai kamata ya raina abin da ke hannunsa ba. Ya san cutar, ya san garuruwan da take, kuma tallafin Georg Forster na fifita binciken da zai amfani ƙasar mai nema. Abin da za a nema a wurinsa shi ne maƙalolin da ya wallafa, iya tace furotin, da farfesan da ya amince ya karɓe shi. Wannan farfesan kuwa mai nema ne zai rubuta masa da kansa, tun kafin ya cike takardar neman tallafi.