Gudun Famfalaki: Darasi Daga 'Yan Jos

Tun 1 da aka soma gasar gudun famfalaki ta birnin Ikko a 2016, 'yan Jihar Filato ne suka fi yin fice cikin 'yan Nijeriya. A 2020 Emmanuel Gyang ne ya fara isowa cikin maza 'yan ƙasa, matarsa Deborah Pam kuwa cikin mata.

Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, inda iska ba ta da kauri, don haka jiki kan saba da juriya. Ga sanyin safiya, ga hawa da gangara. Amma babban asirinsu shi ne daɗewa ana horo.

To, ɗan'uwa mazaunin Kudu, in kana sha'awa, ka sani kilomita 42 ba wasa ba ne. Ka ba kanka wata 6. Da farko je likita ya auna jininka da zuciyarka. Sa'an nan ka soma da kilomita 3, sau 3 a mako, kana gudu kana tafiya, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ranar hutu ma horo ce.

Zafin Ikko ba irin na Jos ba ne. Fita bayan asuba, ka sha ruwa sosai. In ka ji jiri ko ciwon ƙirji, tsaya nan take, domin zafi da gajiya suna kisa.

Sannu ba ta hana zuwa.