Abin Da Kuza Ta Bari a Titin Bauchi

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Titin Bauchi a Jos ya nufi Bauchi, to ya ratsa ta Naraguta. A nan ne Turawan Kamfanin Neja suka kafa barikinsu a wajen 1904, suka soma haƙar kuza a bakin kogin Dilimi. Kafin zuwansu ma Hausawan Liruwe suna narka kuza da gawayi, amma aikinsu na hannu ne, bai canza kamannin ƙasa ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914, sai aiki ya kankama. Leburori suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har kamo mutane aka riƙa yi ana kai su aikin tilas, wato abin da ake kira ɗiban gwamna, kuma a 1943 kuzar da aka haƙa ta kai wajen tan 17,000.

To, arzikin ya tafi Ingila, ramukan kuwa suna nan. Kamfanoni sun kware ƙasar noma, sun tara tsibin yashi, sun karkatar da rafuka don wanke kuza, mazauna bariki kuma suka sare itatuwa don girki da jin ɗumi. Da daji ya ƙare sai namun daji suka rasa mafaka. Damisa da kura da gada, waɗanda a da ake gamuwa da su a duwatsun nan, yau yaron Jos ba ya ganin irinsu sai in an kai shi gidan namun daji, kamar gandun da Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa a 1972.

Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce wanda ya haƙa rami ya cike shi, an kuma dasa itatuwan turare a wasu wurare, amma abin da aka gyara kaɗan ne. Farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, aikin manyan kamfanoni ya durƙushe, aka bar ɗaruruwan tafkuna masu zurfi, waɗanda sukan ci yara da shanu.

Tsuguno bai ƙare ba, domin gari ya ci gaba da cin daji. Gidaje sun hau duwatsu, sun gangara har cikin kwari, shara ta toshe magudanan ruwa. Ƙasar da ba itace ba ta riƙe ruwa, sai ya zubo gaba ɗaya. A watan Yuli na 2012, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta auka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, fiye da mutum 30 suka rasu. Masana kuma sun yi gargaɗi cewa ɗumamar duniya tana ƙara yawan irin wannan mamakon ruwa.

Kada 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal su ce wannan matsalar mutanen Jos ce kaɗai. Kabeji da karas da dankalin Turawa da ake saukewa a kasuwannin Kudu, da yawansu da ruwan Dilimi da na tafkunan kuza ake noma su da rani. Dilimin nan kuma shi ne yake gangarawa ƙasar Bauchi ya shiga kogin Jama'are. Wanda ya ɓata shi a Jos ya ɓata wa na ƙasa.

Amma ƙasa tana farfaɗowa in an kyale ta. A Laminga, gabas da Jos, mutanen gari sun tsare dajin Amurum, ba sara ba farauta. A can ake samun wani ɗan jan tsuntsu na duwatsu wanda sai a 1998 masana suka gane cewa irinsa daban ne, har ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna zuwa nazarin tsuntsaye a wurin.

Saboda haka mai aiko da kuɗi gida don sayen fili, ya fara tambaya ko filin a kan hanyar ruwa yake. In ya gina, ya dasa itace ko da biyu ne a ƙofar gida. Allah ya kiyaye mu da aikin da-na-sani.