Rashin Hanya Mai Kyau Na Cin Ribar Manomi

Manomi na iya yin huɗa da wuri, ya yi noman fari da maimai a kan kari, ya tone gyaɗa mai ƙwaya, amma in babu hanyar mota zuwa garinsu, wani ne zai ci moriyar wahalarsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe sosai. Kantunan Turawa da na Kwarori suka taru kusa da tasha, ta wajen Fagge, Sabon Gari kuma ya cika da baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa. Duk abin da aka noma a ƙauye, nan ne maƙurarsa. To, da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ita ke yanke farashi, amma ba ɗaya ba ne ko'ina. Gwargwadon nisan gari da layin dogo, gwargwadon abin da a ke ragewa na kuɗin ɗauko. Watau manomi ne ke biyan kuɗin mota, ko da bai taɓa shiga ba.

Hanyoyin ƙauye da yawa na rani ne kawai. Da damina ta sauka, fadama ta cika, mota sai ta kafe a laka. Har waɗanda aka zuba wa marmara, a da akan rufe su bayan ruwan sama sai sun tsane. Mai lori da ya san zai karya sifirin, dole ya ƙara kuɗi, ko kuwa ya ƙi zuwa. Sai a koma ga jaki, ko a sayar wa dillali a bakin rumbu yadda ya ga dama. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne taki: sufa lokacin shuka gyaɗa ta ke bukatarsa, in ya makale a Kano har ta yi fure, an yi hasarar shekara.

'Yan Mishan ma sun ɗanɗana. Ƙungiyar S.I.M. ta karɓi kula da kutare na lardin Kano a 1937, ta buɗe asibitin ido a Sabon Gari a 1943, tana kuma da iyalai a ƙauyuka kamar Roni da Ƙaraye. Magani da kananzir da wasiƙu duk daga Kano su ke zuwa, 'ya'yansu kuwa suna makaranta can Jos ko Miango. In hanya ta yanke, ɗakin shan magani sai ya ƙare kaya, mutanen karkara su rasa inda za su. Su dai suna da mota, rani na yi sun fita. Mace mai doguwar naƙuda a ƙauye kuwa, a kan gadon kara a ke ɗaukarta.

An rushe hukumomin ciniki a 1986, dalar gyaɗa ma babu ita, amma tumatir ɗin Kura da Kadawa ya fi gyaɗa tsoron hanya, don kwana biyu sun isa ya ruɓe.

Ruwan da ya kwanta shi ke kashe hanya. Saboda haka kafin ruwan fari, mai gari ya kira gayya a yashe magudanai na gefe biyu, a cike ramuka da marmara, ba da baƙar ƙasa ba, a ɗan tada tsakiyar hanya yadda ruwa zai gangara. Kada kuma a yarda kowa ya ja kunyarsa har bakin hanya.