Mikrob na cikin hanji da ciwon fuka

Ƴan uwa, mun saba jin cewa mikrob shi ke kawo cuta. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Cikin hanjin kowane mai lafiya akwai mikrob miliyan bisa miliyan. Ido ba ya ganin su. Da yawa cikinsu aiki suke yi muna.

Jiki yana da sojoji cikin jini masu yaƙi da cuta. Wani lokaci sojojin nan suna yin kure. Su gamu da ƙura, ko gashin kyanwa, ko gujiya, su ɗauka abokin gaba ne, su tashi faɗa. Sai mutum ya kama atishawa, ko ƙaiƙayi, ko borin jini, ko fuka. Likitoci suna kiran wannan alerji.

To, mine ne ruwan mikrob a ciki? In mun ci wake, ko zogale, ko miyar kuka, ko hatsin da ba a surfe ba ƙwarai, akwai dusa-dusar da cikinmu ba ya iya narkarwa. Ita ce abincin mikrob. In sun ci, suna fid da iska. Mai cin wake ya san zancen! Suna kuma fid da wani abu mai tsami. Abun nan yana ƙarfafa bangon hanji, yana shiga jini, yana kwantar da hankalin sojojin jiki, su bar faɗan banza.

A shekarar 2014, masana a birnin Lozan na ƙasar Suwis sun gwada da kusa. Waɗanda aka ba abinci mai dusa, huhunsu bai kumbura kamar na sauran ba. Amma kusu ba mutum ba ne. Wake ba ya maye gurbin magani. Yaron da numfashi ke yi ma wuya, a kai shi likita nan da nan.

Nonon uwa ma yana da wani sukari wanda jariri ba ya narkarwa. Na mikrob masu kirki ne. Ga wani dalili na ba jariri nono zalla har wata 6.

Kada wani ya ce, ashe ƙazanta magani ce. A'a. Ruwan tabki yana kawo zawo, zawo kuwa yana kashe yara. A tace ruwa, a tafasa, a wanke hannu da sabuni.

Kafso da ake saye bisa tebur a kasuwa ba ya bambanta mikrob na kirki da mugu, duka yake kashewa. Kada a ba yaro shi sai in likita ya rubuta.