Ƙwan Halojin a Kejin Kunkuru: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Duk wanda ya ga ƙadangare a kan katanga yana shan hantsi ya san cewa jikin irin waɗannan dabbobi ba ya samar wa kansa ɗumi. Sai sun sha rana sannan su iya kai-komo da narkar da abinci. Shi ya sa masu kiwon su a Turai da Amurka ke rataya ƙwan lantarki na halojin a saman keji ya tsaya a madadin rana. Cikin dabbobin da aka fi kiwo a can har da babban kunkurun nan na Sahel da ake kira sulkata, wanda asalinsa daga dazukan Nijar, Chadi, Mali da Sudan ne. Maganganu sun yi yawa a kan ƙwan, kuma ba duka ne gaskiya ba.

Ana cewa an hana sayar da shi ne don yana da guba. Biri ya yi kama da mutum, domin Tarayyar Turai ta janye yawancin ƙwayayen halojin na gida daga kasuwa a Satumbar 2018, Birtaniya ta bi sahu a 2021. Amma dalilin shan wuta ne. Kaso mafi yawa na lantarkin da ƙwan ke ja zafi yake komawa, haske kaɗan ne. Abin da mai gida ke gani a matsayin asara, shi ne ainihin abin da mai kunkuru ke nema. Zafin nan kuwa irin na rana ne, mai ratsa fata ya ɗumama tsoka, ba iskar keji kawai ba. Ƙwan LED ba zai yi wannan aiki ba.

Jita-jitar da ta fi tayar min da hankali ita ce wai halojin kaɗai ya wadatar. Wannan ƙarya ce mai kashe dabba sannu a hankali. Rana tana ba da ɗumi, tana kuma ba da wani haske da ido ba ya gani mai suna UVB, wanda da shi fatar dabba ke haɗa bitamin D3. In babu bitamin ɗin, hanji ba zai tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci ba. Sai ƙashi ya yi laushi, ƙoƙon bayan ƙaramin kunkuru ya riƙa lotsawa in an danna, muƙamuƙin ƙadangare ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Abin takaici, dabbar tana cin abincinta tsawon watanni, mai ita na ganin lafiya lau. Halojin ba ya ba da UVB ɗin da zai hana haka, dole a haɗa masa da doguwar fitila ta musamman. Ajiye keji a bakin taga ma ba mafita ba ne, don gilashi yana tare wannan haske.

Batun a bar ƙwan halojin a kunne dare da rana kuskure ne. Dabbobin suna buƙatar duhu su yi barci, kuma zancen wai ba sa ganin jan ƙwai ba shi da tushe. Idan sanyin dare ya tsananta, akwai abin ɗumamawa na tangaran da ba ya fitar da haske.

Akwai kuma gargaɗin da ke da gaskiya. Maiƙon yatsa a kan ƙaramin ƙwan halojin maras rufi yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ya lalace, sai dai wannan bai shafi mai rufin gilashi mai kauri ba. Ƙwan halojin yana iya ƙona dabba, musamman mai tattara haske a wuri ɗaya, don haka mai baza haske ya fi. Mazaunin roba yana narkewa, na tangaran ake so. A kuma guji ƙwayayen da aka lulluɓe da sinadarin Teflon don kada su tarwatse, domin hayaƙinsu ya sha kashe kaji.

Yawan wat da ke rubuce a kwali ba ya gaya maka zafin da ke isa bayan dabba. Nisan ƙwai da sanyin ɗaki ne ke yanke hukunci. Ƙadangaren Ostireliya mai gemu yana son wurin shan hantsinsa ya kai kimanin digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kejin kuma ya zama da sanyi don ya samu wurin gudu. A auna da ma'aunin zafi a daidai inda yake kwanciya, sannan a haɗa ƙwan da na'urar da ke rage masa ƙarfi idan zafin ya wuce iyaka.