FILIN MANOMA: Dabarar Rabuwa Da Tattabarun Da Suka Tare A Rufi

Kaka ta yi, hatsi ya shigo gida, rumbuna sun cika. To, a wannan lokaci ne kukan jama'a ke yawa a kan tattabaru. Mai sito ya buɗe ƙofa da safe, ya tarar da kashinsu fari fat bisa buhuna. Uwargida ta shanya gero a tsakar gida, kafin ta juya sun sauko sun rufe tabarma. Malamin ofis kuwa barci ya gagare shi saboda kuka da kai-komo cikin silin.

Iri biyu ne su ka fi damun mutane. Akwai tattabarar gida wadda ta bar ubangijinta ta koma zaman kanta. Akwai kuma hasbiya, mai jan da'ira a ido da ɗige-ɗigen fari a fiffike. Asalin mazaunin hasbiya giginya ne da duwatsu, amma da gidajen kwano su ka yawaita sai ta ga ƙarƙashin rufi ya fi mata daɗi.

Ɓarnar Da Su Ke Yi

Tattabara guda ta kan ci hatsi kamar giram 30 a yini. Abin kamar ba kome, amma a yi lissafi. Tattabara 50 su na cin kilo ɗaya da rabi kullum, watau kilo 45 a wata. Cikin wata 6 na rani sun cinye kilo 270, kusan buhu 3 ke nan.

Abin da su ke ɓatawa ya fi abin da su ke ci. Kashinsu ya na cin kwano har ya yi tsatsa, ya toshe indararo. Idan ruwan sama ya zo, ya wanke shi zuwa cikin randar da a ka tara. Sheƙarsu kuma matattarar ƙuma ce da kaska. Busasshen kashin ya na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kama huhu idan an shaƙi ƙurarsa, tun ba ga mai raunin jiki ba.

Masu kiwon kaji su ne ya kamata su fi kowa kula. A shekarar 1984 annobar kaji wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ta ɓarke a gonakin Ingila. Da a ka bi sawu, sai a ka tarar tushenta abincin kaji ne da a ka ajiye a sito na tashar jiragen ruwa ta Libaful, inda tattabaru masu cutar su ka ɓata shi. Wannan cuta ce ta kan share kajin ƙauye da hunturu a ƙasar Hausa. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta na yin maganin rigakafinta. Amma rigakafin farko shi ne kada tattabara ta sauka kan abincin kaza.

Kisa Ba Ya Ƙare Su

Idan ran maigida ya ɓaci, abin da ya fara zuwa masa shi ne danƙo, ko tarko, ko bindiga. Ya kashe goma yau, ya sami sauƙi mako biyu, sa'an nan rufi ya sake cika. Ga dalili. Tattabara ƙwai 2 ta ke yi, mace da namiji su yi kwanci bi da bi, cikin kwana 18 su ƙyanƙyashe. 'Yan shila su kan tashi bayan wata guda ko fiye kaɗan, kuma su na wata 6 su ma sun isa yin ƙwai. Inda abinci ya wadata, uwa ta kan yi kwanci sau 5 ko 6 a shekara. Saboda haka duk wadda a ka kashe ta bar wa saura rabonta ne, su ƙoshi, su ƙara haihuwa, na unguwar gaba kuma su zo su cike gurbi.

An gwada wannan a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Daga 1961 zuwa 1985 ma'aikatan gari sun kashe tattabaru wajen 100,000, amma yawansu bai ragu ba. A 1988 sai a ka sake dabara bisa shawarar wani masani na jami'ar garin, Daniel Haag-Wackernagel. A ka yi ta jan kunnen mutane su daina watsa musu abinci, a ka gina musu 'yan ɗakuna inda a ke kwashe ƙwai. Cikin shekara 4 da 'yan watanni yawansu ya ragu da kusan rabi. Abin da harbi ya kasa cikin shekara 24, rage abinci ya yi shi.

Kama su a kai daji a saki, wannan wahalar banza ce. Tattabara ba ta ɓata hanyar gida, sau da yawa ma ta kan riga mai kai ta komowa.

Guba kuwa, a guje ta ƙwarai. Wanda ya jiƙa dawa da maganin ƙwari ya watsa, bai san bakin da za ta shiga ba. Kajin gida za su tsinta, kyanwa ta ci gawa. Mafi muni, tattabarar da ta ci guba ta na iya tashi ta faɗi a wata unguwa, yara su tsinta su gasa. Hasarar buhu 3 ba ta kai ran ɗan mutum ba.

Abu Uku Da Ke Riƙe Su

Tattabara ba ta zama wuri don ƙaunar mai gida. Abinci ne, da ruwa, da makwanci. Wanda ya hana ta waɗannan uku ya rabu da ita.

Na farko, abinci. A share masussuka da bakin sito da gindin injin niƙa kowace yamma, kada hatsi ya kwana a ƙasa. A ɗinke buhun da ya yage, a rufe bakin rumbu sosai. In za a yi shanya, a sa yaro ya tsare, ko a rufa raga. A ba kaji abinci cikin akurki, gwargwadon abin da za su cinye nan take, a ɗauke saura.

Na biyu, ruwa. A gyara famfo mai ɗiga, a rufe randa da duro, a cike kwatamin da ruwa ke kwantawa. Da rani wannan kaɗai ya kan rage su ƙwarai.

Na uku, makwanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bi rufi a duba duk ƙofar da ke tsakanin kwano da bango, a toshe da ragar waya wadda idonta bai wuce inci 2 ba. Amma kafin a toshe a leƙa ciki tukuna. In akwai 'yan shila a fid da su, don kada su mutu a ciki da yunwa, gida ya ɗauki wari. Kan katanga da saman taga inda su ke jeruwa, a shafe da siminti ko laka a yi masa gangare mai tsanani, yadda ƙafarsu ba za ta kama ba. Inda ba a iya toshewa, a riƙa rushe sheƙa kowane mako biyu, watau kafin ƙwai ya kai ga ƙyanƙyasa.

Mutum-mutumi, da gwangwani mai ƙara, da tsumma mai kaɗawa, duk na 'yan kwanaki ne. Da sun saba sai su hau kan abin su zauna.

Wajen share kashin, a yayyafa masa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, a ɗaure hanci da baki da ƙyalle, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Ruwan farko na damina kuwa a bar shi ya wanke rufi, kada a tara.

Idan Na Maƙwabci Ne

Ba kowace tattabara ce marar ubangiji ba. Kiwonta sana'a ce, wasu ma sun kashe kuɗi mai yawa a kanta. Wanda ya harbe na maƙwabcinsa ya sayi rigimar da ta fi ɓarnar tsada. Abin da ya fi shi ne ya je ya yi sallama, ya nuna masa hasarar. Mai kiwo kuma wajibinsa ne ya ƙosar da tsuntsayensa kafin ya sake su, ya tsare su lokacin shuka da shanya. In magana ta ƙi ci, a kai wa mai unguwa.

A Mai Da Ɓarna Riba

Manomi mai dabara ya na iya yi musu ɗaki nesa da rumbu, ya jera tukwane. Nan zai san yawansu, ya rage ƙwai in sun yi yawa, ya sayar da 'yan shila, ya kwashi taki. Kashin tattabara taki ne mai ƙarfi. Mutanen Isfahan na ƙasar Farisa sun gina musu dogayen hasumiyoyi tun ƙarni na 17 don takin gonakin kankana. Sai dai ɗanyensa ya na ƙona shuka. A zuba shi a ramin taki tare da kara da ganye ya ruɓe tukuna, sa'an nan a kai wa albasa da tumatir a lambu.

Aikin nan ba na rana ɗaya ba ne, kuma ba na gida ɗaya ba ne. In mutum guda ya share ƙofarsa, na kusa da shi ya bar hatsi zube, tattabaru ƙetare katanga kawai za su yi. Sai 'yan layin sito ko 'yan unguwa su haɗa kai, su jure wata biyu ko uku. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka cikin abin da a ka noma.